Aikin da ke cin mai yin shi: sharhi kan wani littafin ƴan sanda na Amurka



Duk wanda ya saba tsayawa wurin masu saida tsofaffin littattafai a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya san littattafan nan da ake ce ma na polis. Yawancinsu da faransanci suke, kuma hanyarsu guda ce. An tsinci gawa, ba a san wanda ya yi kisan ba. Sai wani mai bincike mai kaifin hankali ya zo, ya yi ta bin sawu, a shafin ƙarshe ya nuna mai laifi. Haka komiser Maigret na Georges Simenon ya yi ta yi cikin littafi 75. Mai karatu ya rufe littafi hankalinshi kwance: an kama mugu, duniya ta koma daidai.

Littafin da za mu duba yau ba haka yake ba. Sunanshi The New Centurions, ya fito a Amurka a farkon 1971. Babu wata gawa guda da ake neman wanda ya kashe ta. Babu gwanin bincike. Tambayar da littafin ke bi tun daga farko har ƙarshe ita ce: in saurayi ya sa kayan sarki ya shekara biyar cikin aikin ɗan sanda, mi aikin zai yi mishi?

Wanda ya rubuta

Joseph Wambaugh ba baƙo ba ne ga abin da ya rubuta. An haife shi a 1937 a jihar Pensilbaniya, kuma ubanshi ma ɗan sanda ne. Ya shiga soja yana da shekara 17. A 1960 ya shiga ƴan sandan birnin Los Anjelis, a jihar Kaliforniya, ya yi shekara 14 cikinsu, har ya kai matsayin sajan mai bincike. Yana aiki yana karatun adabi a jami'a. Lokacin da littafin ya fito yana nan cikin aiki, bai aje ba sai a 1974, bayan sunanshi ya bazu har ya hana shi yin aikin kamar kowa. Ya rasu a watan Fabrairu na 2025, yana da shekara 88.

Domin a gane abin da ya sa littafin ya tada ƙura, sai a san yadda ake nuna ƴan sandan birnin kafin shi. Tun 1949 a rediyo, kuma tun 1951 a talabijin, akwai wani shiri mai suna Dragnet da ake yi da haɗin kan hukumar ƴan sandan. Cikin shirin, ɗan sanda mutum ne mai tsabta, ba ya tsoro, ba ya fushi, ba ya kuskure. Wambaugh ya zo ya ɗaga labule. Ya nuna ƴan sanda masu tsoro, masu shan giya, masu zagi, waɗanda aurensu ke mutuwa. Kuma mai faɗin ɗan gida ne. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.

Samari uku, shekara biyar

Ginin littafin mai sauƙi ne. Babi 22 ne. An fara da makarantar horon ƴan sanda a 1960, inda samari uku ke aji guda. Da suka gama aka rarraba su, kowa da komisariyar da aka tura shi. Daga nan marubucin kan leƙo su kowane watan Agusta, ɗaya bayan ɗaya, 1961, 1962, har 1965. Kamar mutum ne da ke zuwa gona sau ɗaya a shekara ya ga yadda itacen da ya dasa ya miƙe ko ya karkace.

Na farko shi ne Serge Duran, tsohon soja. Asalinshi ɗan Meksiko ne, amma fatarshi fara ce, sai ya bar mutane suna zaton shi Bature ne. Abin da yake gudu shi ya tarar: aka tura shi komisariyar Hollenbeck, a gabashin birni, unguwar ƴan Meksiko. Kullum yana kama mutanen da ke magana da harshen uwarshi. A hankali ya daina ɓoyo, har ya so wata yarinya ƴar Meksiko mai aiki a gidan abinci.

Na biyu shi ne Gus Plebesly, ƙaramin mutum mai mata da ƴaƴa, gwanin gudu, wanda tsoro ke ci kullum. Babban abin da yake tsoro shi ne ranar da abokan aiki za su gane shi matsoraci ne. Ya yi sa'a aka haɗa shi da wani tsohon hannu mai suna Kilvinsky, wanda ya kusa ritaya, ya zame mishi kamar uba.

Na uku shi ne Roy Fehler, ɗan jami'a da bai gama ba. Shi yana ganin ya fi sauran ilimi. Nufinshi ya yi shekara ɗaya ko biyu, ya ga yadda masu laifi suke, ya koma karatu. Yana ganin kuma shi ba ya da ƙyamar baƙar fata kamar sauran. Aiki ya riƙe shi. Aurenshi ya mutu. Wani ɗan fashi ya harbe shi a ciki, ya tashi da ƙyar, ya faɗa shan giya. Wata mace baƙar fata mai suna Laura ita ta tsamo shi.

A Agustan 1965 tarzoma ta tashi a unguwar Wats, ta sake haɗa su ukun. Sun tsira daga wuta da harsasai. Bayan ƙura ta lafa aka kira su wani ƙaramin rikicin cikin gida, irin wanda suka je sau ɗari. Nan harsashi ya samu Roy, ya mutu, daidai lokacin da rayuwarshi ta fara gyaruwa.

Abin da littafin ya iya

Abu na farko, ya nuna aikin yadda yake. A silima ɗan sanda kullum cikin harbi da tseren mota yake. A nan yawancin dare yawo ne cikin mota, da raba faɗan miji da mata, da ɗaukar mashayi daga bakin hanya, da cika takardu, da jiran alƙali. Haɗarin kuwa ba ya sallama. Shi ya sa mutuwar Roy ta dace da littafin: ba cikin tarzoma ya mutu ba, inda kowa ke a faɗake. Ya mutu a ranar da ba wanda ya sa ran komi.

Abu na biyu, tsoro. Babin Gus su ne mafi kyau cikin littafin. Marubucin bai mayar da shi jarumi dare ɗaya ba. Har ƙarshe cikinshi na ɗurar ruwa, amma ya gane ana iya yin aiki da tsoro a ciki. Kuma mai karatu na gane wani abu da kanshi: mutum mai tsoro da bindiga a ƙugu haɗari ne ga kowa. Sau da yawa zafin hannun da talaka ke gani wurin mai kayan sarki tsoro ne ya sa riga.

Abu na uku, yadda sabon shiga ke koyon aiki. A makaranta an koya musu doka. Cikin mota tsofaffi suka koya musu wata doka ta dabam, wadda ba a rubuta ba. Misali, Kilvinsky da Gus kan fita da babbar mota su kwashe karuwai daga bakin titi, su yi ta yawo da su har dare ya raba, kana su sake su ba tare da an rubuta komi ba. Titi ya yi tsit, ba a wahal da alƙali ba, kuma Kilvinsky na yin abin da raha, ba da mugunta ba. Amma a duba da kyau: an tsare mutane ba bisa doka ba. Yau mai kirki ne ya yi, gobe mugu zai yi, kuma ba takardar da za a bi a tuhume shi. Littafin ya sa mu son Kilvinsky, kuma ya bar mu da wannan damuwa. Wannan gwaninta ce.

Abu na huɗu shi ne mafi nauyi. Littafin ya nuna yadda aikin ke raba mutum da jama'a. Ba wanda ke kiran ɗan sanda ranar suna ko ranar biki. Ana kiran shi ranar da aka yi sata, ranar da miji ya fasa ma matarshi kai, ranar da aka tsinci yaro da tabon duka. In aka tura shi sashen karuwai da caca, sai ya tuɓe kayan sarki ya koyi ƙarya domin ya kama mutane. In aka tura shi sashen yara, sai ya ga abin da iyaye ke iya yi ma ƴaƴansu. Bayan shekara uku ko huɗu ya daina yarda da kowa. Ba ya iya ba matarshi labarin abin da ya gani. Tsofaffin abokai sun janye. Ba ya da abokin hira sai ɗan sanda ɗan'uwanshi. Daga nan duniya ta rabu biyu: mu da su. Wambaugh bai yi wa'azi a kan wannan ba. Ya bar mu muna gani shekara bayan shekara, har muka ga Roy, mai fahariyar ilimi da adalci, yana magana kamar waɗanda ya raina.

Sunan littafin

A rundunar Rumawa ta dā, akwai hafsa mai jagorancin soja wajen ɗari. Shi ne ake kira da kalmar da ke cikin sunan littafin. Kilvinsky ne ya kawo kwatancin. A ganinshi ƴan sandan zamaninshi kamar waɗannan hafsoshi suke a ƙarshen daular Rum: suna tsaron wani tsari da ke rushewa, kuma waɗanda suke tsaro ba su gode musu.

Nan ya kamata mai karatu ya tsaya. Hafsan Rum ba ɗan gari ba ne. Soja ne na daula da aka aje cikin ƙasar da aka ci da yaƙi. Mu da kakanninmu suka ga gardi da sojan mulkin mallaka mun san bambancin mai tsaron gari da mai tsare gari. In ɗan sanda ya fara ganin kanshi sojan daula, to mutanen unguwa sun zama mi ke nan? Sun zama abokan gaba. Sunan ya faɗi gaskiya a kan yadda waɗannan ƴan sanda ke ji. Abin da ban tabbata littafin ya auna ba shi ne cewa wannan ji ɗin kanshi yana cikin cutar.

Inda littafin ya gaza

Ƙarfin littafin da rauninshi wuri guda suka fito. Komi daga cikin motar sintiri ake ganin shi. Ta gilashin mota kuwa ba ka ganin mutum sai a ranarshi mafi muni. Baƙaƙen fata da ƴan Meksiko sun cika littafin, amma yawancinsu mashaya ne, karuwai, ɓarayi, ko masu kuka an cuce su. Ba mu shiga gidan mai aikin ƙarfi da ya tashi da asuba ba. Ba mu zauna da uwar da ke tsoron abin da zai samu ɗanta in sintiri ya tsaida shi ba. Laura mutuniyar kirki ce, amma aikinta cikin labarin shi ne ta warkar da Roy. Nata ciwon ba a buɗe shi sosai ba.

Wannan rauni ya fi fitowa a babin tarzoma. Ga abin da tarihi ya tabbatar. Ran 11 ga Agusta 1965 wani ɗan sandan hanya na jihar Kaliforniya ya tsaida wani saurayi baƙar fata mai suna Marquette Frye, bisa zargin tuƙi cikin maye. Gardama ta tashi, jama'a suka taru, abu ya zama wuta. Kwana 6 ana yi. Mutum 34 suka mutu, fiye da 1.000 suka ji ciwo, aka kama fiye da 3.000. An kawo soja kusan 14.000. Dukiyar da ta ƙone ta kai wajen dalar Amurka miliyon 40. Yawancin mamatan baƙaƙen fata ne, kuma fiye da 20 daga cikinsu harsashin ƴan sanda ko na soja ne ya kashe su.

Tsaida mota guda ba ya ƙona gari. Kwamitin McCone da gwamnan jihar ya naɗa ya ba da rahoto a Disamban 1965. Ya ambaci rashin aiki, da lalacewar makarantu, da ƙiyayyar da ke tsakanin unguwar da ƴan sanda. Baƙaƙen fata a yankin Los Anjelis sun tashi daga wajen 75.000 a 1940 zuwa wajen 650.000 a 1965, kuma an matse su cikin ƴan unguwanni kaɗan. A Nuwamban 1964 masu zaɓe na jihar suka soke dokar da ta hana mai gida ƙin saida ma mutum gida ko ba shi haya saboda launin fatarshi. Shugaban ƴan sandan birnin kuwa, William Parker, wanda ya riƙe hukumar daga 1950 zuwa 1966, ya kwatanta masu tarzomar da birai a gidan namun daji.

Cikin littafin mun ji zafin wuta, mun ji ƙarar gilashi, mun ga ruɗewar ƴan sanda da ba su san inda harbi ke fitowa ba. An rubuta wannan da ƙarfi ƙwarai. Amma tarzomar ta zo kamar guguwa ko farin ɗango, abin da ya faɗo daga sama. Wanda ya karanta littafin kaɗai zai san yadda dare ya kasance ga mai bindiga. Ba zai san abin da ya sa dubban mutane suka fito titi ba.

Ga wani misali ƙarami. A babin makaranta, malamin horo na koya ma samarin cewa in mutum ya gagara, a shaƙe mishi wuya har ya suma. Cikin littafin dabara ce ta tsira da rai, kuma mun fahimci dalilin malamin. Amma daga 1975 zuwa 1982 mutum 16 suka mutu a birnin bayan ƴan sanda sun shaƙe su haka, 12 daga cikinsu baƙaƙen fata. A 1982 aka taƙaita yin haka. Littafin ya tsaya ga hannun da ke shaƙewa. Wuyan da ake shaƙewa ba ya da baki a ciki.

Duk da haka tarihi ya gaskata Wambaugh ta wani gefe. A 1991 aka ɗauki hoton ƴan sandan birnin suna dukan Rodney King. Kwamitin Christopher da ya yi bincike ya tarar da ƴan sanda 44 da aka yi ta kai ƙararsu kan zafin hannu ba a hukunta su yadda ya kamata ba. Ya tarar kuma da saƙonnin raini ga baƙaƙen fata da ƴan sanda ke aika ma juna daga mota zuwa mota. Irin maganar cikin mota ke nan da Wambaugh ya rubuta shekara 20 kafin nan. A Afrilun 1992, da kotu ta sallami ƴan sandan nan huɗu, birnin ya sake kamawa da wuta, mutum fiye da 60 suka mutu. Ashe ciwon da littafin ya nuna ba a yi maganinshi ba.

Shaida na biyu

Alƙalin kirki ba ya yanke shari'a da shaida guda. Wanda ya karanta Wambaugh ya nemi Chester Himes, baƙar fata ɗan Amurka, wanda aka haifa a 1909, ya yi zaman kaso yana saurayi, daga baya ya koma Faransa da zama. Littafinshi na farko, If He Hollers Let Him Go, na 1945, a Los Anjelis ɗin nan yake, kuma ta idon baƙar fata ma'aikacin gina jiragen ruwa ake ganin birnin. A Faransa ya rubuta littattafan polis da ke gudana a unguwar Harlem, da ƴan sanda biyu baƙaƙen fata. Na farkonsu, La Reine des pommes, ya ci babbar kyautar littattafan polis ta Faransa a 1958. Himes na tsaye a bakin titi yana kallon motar sintiri na wucewa. Wambaugh na cikin motar. Sai an haɗa su biyu ake ganin titin gaba ɗaya.

Hukuncinmu

The New Centurions ba ya da daɗin harshe irin na manyan marubuta. Wani wuri mutanen littafin kan yi dogon jawabi kamar malami a aji. Matan da ke ciki ba su da cikakken rai. Akwai zagi da batsa, don haka ba littafin yara ba ne. Siliman da aka yi da shi a 1972, inda George C. Scott ya fito a matsayin tsohon ɗan sandan, ya taƙaita labarin ƙwarai, ya fi tsayawa kan Roy. Amma littafin ya faɗi wata gaskiya da ba a saba faɗi ba kafin shi: ƙasa na ɗaukar saurayi, ta ba shi bindiga, ta tura shi inda ba wanda ke son zuwa, kana ta bar shi shi kaɗai da abin da ya gani. In ya lalace, ba shi kaɗai ke biya ba. Iyalinshi na biya, kuma talakan da ya gamu da shi cikin dare na biya.

Saboda haka a karanta shi a matsayin shaida, ba a matsayin hukunci ba. Mai kayan sarki zai ga kanshi a ciki, ya gane ramin da ke gabanshi tun bai faɗa ba. Talaka zai gane cewa cikin rigar nan akwai mutum mai tsoro da iyali kamar shi. Amma kada tausayin ɗan sanda ya sa a manta da mutum 34 na Wats.

A maƙwabciyarmu Mali, marigayi Moussa Konaté ya rubuta labarun komiser Habib na Bamako da faransanci. Mu ma muna da birane, muna da komisariya, muna da tsofaffin ma'aikata da suka ga abubuwa da yawa, muna da masu kai ƙara da suka kwana a benci suna jira. Kowane ɗayansu na da labari. Wanda Allah ya ba ilimin rubutu ya ɗauki alƙalami ya rubuta muna da hausa. In ya tashi rubutawa, ya zauna cikin mota, kana ya sauko ya tsaya a bakin titi.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu. Sai fitowa ta gaba.